Hayaƙin Tazargade a Fadan Kagoma

A ƙarshen shekarar 1987, lokacin tonon citta, maigidana ya ɗauke ni daga Kafanchan ya kai ni Fadan Kagoma, ina goye da 'yata ta fari wadda ko zama ba ta fara ba. Shi mai sayen citta ne, yana bin ƙauyuka yana tara wa mahaifinsa buhuna, sai ya yi kwana da kwanaki ban sa shi a ido ba. Ya kama mana ɗaki a gidan wani tsohon malamin makaranta, Kirista, abokin hulɗar surukina. A unguwar nan kaf mu kaɗai ne Musulmi. Kuma a shekarar ce aka yi tashin hankali a Kafanchan, aka ƙona gidaje da wuraren ibada ta kowane ɓangare, ni ma da idona na gani. Shi ya sa duk ranar da zai fita sai ya ce in sa sakata, kada in buɗe wa kowa.

Ba mu daɗe ba yarinyar ta fara firgita a cikin barci. Tana kwance lafiya lau sai ta zabura, ta ƙanƙame hannuwa, ta tsala ihu kamar an mintsine ta. An kai ta asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Ni kuwa na rame a tsaye, don gani nake wata rana za ta zabura ta tafi ke nan. Na aika wa innata saƙo, ta aiko cewa in yi mata hayaƙin tazargade, haka aka yi mana mu duka. Sai dai mai maganin da ke shimfiɗa kusa da tashar jirgin Kafanchan ya tattara ya koma garinsu tun bayan rikicin, ita ma ta nema ta rasa.

To, ina zan samo tazargade a Fadan Kagoma? A gidanmu abu ne da ba a rasa shi a ƙullin tsumma, ɗan busasshen ganye fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, mai ƙamshi da ɗaci-ɗaci. Ban taɓa tambayar inda yake tsirowa ba.

Ranar kasuwa na bi tsofaffin mata masu sayar da saiwoyi ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu yaren Kagoma suke ji, Hausarsu ta ciniki ce kawai, ni kuma ko gaisuwarsu ban iya ba. Na nuna musu toka, na nuna ganye, na kaɗa hannu sama ina kwatanta hayaƙi. Wata ta miƙo mini ɗoɗɗoya. Wata ta yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ta zaro mini ganyen taba. Na dawo gida raina a ɓace, ina ta mita ni kaɗai a hanya.

Matar mai gidan, wadda kowa ke kira Mama, ita ta tare ni a tsakar gida. Doguwa ce, mai murya kamar ta maza, shugabar zumuntar mata a cocinsu. Hausarta irin ta can ce, mace ma "kai" take ce mata.

"Amarya, me ya same ka?"

Na gaya mata. Ta taɓe baki ta ce, "Mu dai addu'a muke yi wa bebi, ba mu ƙona ganye." Na ce a raina to a bar wa kowa nasa. Amma washegari sai ga ta ta ɗaura ɗankwali ta ce in tashi mu je. Ta zame mini tafinta, muka shiga gida-gida, har gidan wani tsoho mai kafa amya a bayan gari. Kowa ya kawo abin da ya sani, babu wanda ya yi kama da shi. Daga ƙarshe wata matar tsohon soja da ta zauna a can Arewa ta ce mu daina wahalar da ƙafafunmu, wannan ganye ba ya fitowa a ƙasar da ruwa ya yi yawa haka, fatake ke kawo shi. Mama ce ta kama wani direban motar citta, ta yi ta yi masa naci, har ya samo shi wurin wani mai shimfiɗa a Kasuwan Magani. Ya kawo shi a ƙunshe cikin takardar buhun siminti. Da na buɗe na shaƙa sai da na yi ƙwalla, don ɗakin innata na ji.

Ranar Lahadi da safe na zaɓa, saboda kowa ya tafi coci, ba wanda zan dama da wari, ba kuma wanda zai ce baƙuwa tana tsafi a gidan malami. Maigidana ba ya nan, don haka na sa sakata. Na rufe taga kamar yadda ake yi don kada hayaƙin ya tsere. Gawayina ya ƙare, sai na cika kasko da totuwar masara na hura, ita kuwa totuwa hayaƙi gare ta kamar me. Ga shi na sha wuya kafin in samu ganyen, ban ga dalilin yi masa rowa ba, na zuba cikin hannu guda. Ɗakin ba silin, sai hayaƙin ya hau sama yana fita ta ƙarƙashin kwano ta ko'ina. Ni ban san haka ba, ina zaune bakin gado da yarinya a cinya ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Cocin ba shi da nisa, ina jin waƙarsu. Sai waƙar ta yanke a tsakiya. Can sai ƙararrawa, ba irin bugun da na saba ji ba, wannan ba tsayawa. Sai ihu, sai ƙarar ƙafafu kamar an koro shanu.

Na leƙa ta tsagar taga. Jama'a ce ta nufo gidanmu a guje, maza da kayansu na Lahadi, wani da adda, wani da gatari, wani saurayi a gaba da taɓarya. Suna ta magana da yarensu, suna nuna ɗakina. Wallahi ban ga bokiti ko ɗaya ba, ko da yake daga baya an ce mata na biye da su a baya. Abin da na gani a Kafanchan shi ya dawo mini, na ce shi ke nan, yau ranarmu ce.

Na naɗe yarinyar da zani, na tura ta can ƙarƙashin gado, na jawo kwanukan jerena na tare ta. Na koma na jingina da bango ina kalmar shahada. Aka hau dukan ƙofa.

"Amarya! Amarya, buɗe! Ni ne Mama!"

Ban motsa ba. Ta sake kira, muryarta har tana fashewa, na toshe bakina da hannu. Sai taɓarya ta sauka a kan ƙofar, sakatar ta yi tsalle, kafin in yi ihu an watsa mini ruwa bokiti guda a fuska. Wani ya biyo baya, wani ya biyo baya. Katifa, tabarma, kayan sawa, komai ya jiƙe sharkaf. Wani ya finciko ni waje, ina tari ina tirjewa. Mama kuwa ta kutsa cikin hayaƙin tana ihu, "Ina bebi? Ina bebi?" Kukan yarinyar ne ya nuna mata wurin.

Da aka fito da kaskon, ɗan mitsitsi, totuwa na iyo a ciki, sai aka kewaye shi. Fasto ya dube shi, ya dube ni, ya cire tabarau ya goge. Wani ya tambaya ina wutar take, aka nuna masa. Babu wanda ya yi dariya sai yara. Ni kuwa ina tsaye a jiƙe, ina kallon addunan nan da aka kawo don a sare ƙofa a cece ni.

Bayan an watse Mama ta kai ni ɗakinta, ta ba ni zaninta na ɗaura. Ta zauna da yarinyar a ƙirji. 

"Amarya," ta ce, "da aka ce ɗakin Hausawa na cin wuta, ka san abin da na fara yi? Ban duba hayaƙi ba. Na juya na duba bencin samari, ko ɗana yana ciki, kada a ce shi ya sa wutar."

Na ce, "Yana ciki, Mama?"

"Yana ciki. Shi ne ya fasa ƙofa. Amma na duba."

Ta share ido da bakin ɗankwali. Sannan ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta cire mata yanar gizo-gizon da ta maƙale a gashinta, ta tsaya tana kallon yanar a yatsanta.

"Me ya kai bebi ƙarƙashin gado?"

Na sunkuyar da kai.

"Da na kira ka, ka ji muryata?"

Na so in ce hayaniya ta yi yawa, amma na kasa yi mata ƙarya a ɗakinta, ina ɗaure da zaninta. Na ce, "Na ji, Mama."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta miƙo mini 'yata da hannu biyu.