Bencin Surukina

Mun tashi da asuba daga Maraɗi, ni da ajuda, babban jandarman da nake tuƙawa. Faransawa sun tafi sun bar mana motocin daji tsirara, ba tanti, ba benci, ba inda jandarma zai riƙe. Kwamanda ya ce mu zaga garejoji mu zaɓi wanda zai gyara su duka kafin bikin ƴancin kai. Ya ƙara da cewa in benci ya zubar da jandarma, shofer zai fara kora, tunda ni na san ƙarfe.

Hanyar Cadawa gargada ce zalla, haƙora na kaɗawa. Buhunan gyaɗa jibge bakin hanya, raƙuma na jiran awo. Mun sha fura ta dala, mai nonon ta zuba mana kamar tana ba da zakka. Garejin garin ƙarami ne, amma da na ɗaga bencin da suka yi wa wata motar gyaɗa, na ga ƙusa ta ratsa ƙarfe ta fito, an ɗaure ta ƙasa. A Agye mai garejin ya tafi jana'iza. Na Gazawa kuwa fenti ya iya, ya shafe tsatsa da kore har ajuda ya yi murmushi. Ni dai na sa farce, ta bayyana.

Abin da ban faɗa wa ajuda ba tun Maraɗi, garejin ƙarshe na Gidan Rumji na surukina ne, uban matata. Washegari muka wuce Tibiri muka isa can.

Tsohon ya tarbe mu da ƙwaryar dambu. Ni kuwa ina durƙushe gefe, takalmi a hannu, ba ni ci gabansa, ba ni ɗaga ido. Har ya riga ya haɗa benci na gwaji, aka ɗora bayan motarmu. Kallo ɗaya na yi da wutsiyar ido, na ga aibinsa. Ƙafafun liƙe su aka yi da wuta sama-sama, ba ƙusa ko ɗaya. To wa ya isa ya ce wa surukinsa aikinsa bai yi ba?

Ajuda ya ce a gwada. Tsohon ya tattara riga ya ce, "Ni niƙ ƙera shi, ni za ni hau." Ya haye ya zauna ɗare-ɗare.

Wallahi ban taɓa tsoron sitiyari kamar ranar ba. In na lallaɓa, benci ya tsira, gobe ya karye da jandarmomi. In na taka, uban matata ne a kai. Na kama hanyar gulbi ina jan mota kamar mai kai amarya. Ajuda ya harare ni ya ce, "Ƙwai ka ɗauko? Taka!"

Na yi bismilla na taka. A gangaren gulbi motar ta daka tsalle, na ji ƙas! Na ci birki, na fito da gudu. Ga tsoho zaune a daɓen bayan mota, ya ƙanƙame ƙarfen gefe, hula ta yi nata wuri, gwiwa na jini. Ya daɗe yana duban ƙafar bencin da ta ɓalle. Bai dube ni ba, ajuda ya yi wa magana: "Ku kai ma na Cadawa aikin. Ɗiyan mutane za su hau."

Mun koma Maraɗi, ajuda ya kai wa kwamanda sunan Cadawa. A gida labari ya riga ni, matata ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki. Tafiyar ta koya mini cewa abin da baki ke kunyar faɗa wa suruki, hanya ba ta kunyarsa, sai dai ba ta da tausayi.

Ranar kasuwa sai ga amalanke ƙofar gidana ɗauke da bencin nan, an ratsa kowace ƙafa da ƙusa. Mai amalanken ya ce, tsoho ya ce in zauna a kai, in ya karye in zo in faɗa masa da bakina.