Tabon Hannun Baba Ƙas

Ina gidan mai na hanyar Maigatari da hantsi, bakin famfo na cikin tankin motata, wayata ta yi ƙara. Da ban ɗauka ba, domin mutumin da aka kira ni a kansa ya sha hana ni taɓa waya kusa da famfo. Sai na ga sunan Murtala, babban ɗansa. Na matsa can gefe na ɗauka.

"Yaya Hamisu, Baba ya cika. Yanzun nan a asibiti."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa. A daidai lokacin famfon ya yi ƙas, ya tsaya da kansa. Mai zuba man bai san abin da aka gaya mini ba, ya ɗago kai ya ce, "Ya cika, direba. In ɗan ƙara maka?" Na ce masa a'a, ya isa. Da ya ga fuskata sai ya riƙo hannuna ya zaunar da ni a benci.

Malam Isyaku ya fi shekara talatin yana tuƙin akori-kura tsakanin Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar da Maigatari. Ya ɗauki gero da riɗi da zoɓo, ya ɗauki raguna, ya ɗauki kayan amare, ya kai masu naƙuda asibiti daga ƙauyukan da babu motar da ke son shiga saboda rairayi. Ni direba ne kamarsa, tasha ɗaya muke lodi, ya girme ni da shekara ashirin. Ba mu haɗa jini ba, amma Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini ɗana. Sauran direbobi kuwa Baba Ƙas suke kiransa, kuma yana amsawa da fara'a.

Sunan ya samo asali ne daga gidan mai. Wanda ya san direbobin akori-kura ya san halinmu. Idan famfo ya yi ƙas ya tsaya, alamar tanki ya ƙoshi ke nan, amma mu a wurinmu yanzu aka fara. Sai mu dafa bodi mu yi ta jijjiga mota don man ya ƙara sauka. Wani ma ya hau da tayar baya kan dutse don motar ta karkace. Sai mun ga mai yana ƙyalli a bakin tanki hankalinmu ke kwanciya. Malam Isyaku shi kaɗai ne ba ya yi. Da zarar ya ji ƙas sai ya ɗaga hannu. "Ya isa, Allah ya yi albarka." Ko layin kwana biyu ya bi kafin ya samu man, ba ya bari a ƙara masa ɗigo.

Idan muka tsokane shi ba ya fushi. Yakan ce, "Ko cikin ɗan Adam an ce a bar wa numfashi wurinsa, balle tanki." Ya ce mai yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da sanyinsa, idan ranar Gumel ta doke shi sai ya kumbura ya nemi hanya, in bai samu wuri a ciki ba ya fito ta murfi. Ya ce a sababbin motoci akwai siririn bututun da aka yi don tururin mai kawai, ba don ruwansa ba, idan aka cika har baki sai man ya bi ta nan ya jiƙa abin da bai kamata ya jiƙa ba, mota ta riƙa shaƙewa, ka kai wa makanike kana zagin mai sayar da mai alhali kai ka yi wa kanka. Sannan ya rufe da maganarsa da kowa a tasha ya haddace: "Man da ya zube a ƙasa bai taɓa kai kowa Maigatari ba."

Haka yake a komai. Ba ya ɗora wa mota buhu ɗaya fiye da ƙarfinta, ko da mai kaya zai yi rantsuwa. Idan ya ɗauki raguna da bazara sai ya ɗaura musu tabarma a sama, ya tsaya a hanya ya ba su ruwa. Idan garke na tsallaka titi yakan kashe inji ya jira, ya gaisa da makiyayin da Fulatancinsa guntu-guntu, suna yi masa dariya yana yi. Shi ya koya mini ɗaurin igiyar da ba ta kwancewa a gargada. Shi ya raka ni neman aure. Amma maganar tanki ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. Ina ganin tsoro ne irin na tsofaffi, kuma ni ina cikin masu kwaikwayon muryarsa idan ya ba da baya.

Abin da zan faɗa yanzu na riƙe shi shekara goma sha wani abu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Duk wanda ya taɓa yin musabaha da Malam Isyaku ya san hannunsa na dama. Fatar bayan hannun ta tattare ta yi fari-fari, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. A tasha kowa ya san labarin: wai tsohuwar motarsa ce ta yi yoyon mai a kasuwar Maigatari, wuta ta kama ta ƙone shi. Har ana cewa mai wa'azin tanki shi wuta ta fara ci. Wannan labari ba gaskiya ba ne.

Wata Alhamis ce da bazara, lokacin ana wahalar mai. Motar da nake ja ta wani Alhaji ce, ba tawa ba. Da sassafe na samu mai a Gumel bayan dogon layi, na ce yau sai na rama. Famfo ya yi ƙas, na ce a ƙara. Ya sake yin ƙas, na jijjiga mota na ce a ƙara. Sai da na ga man ya taso har wuya na murɗa murfi. Na isa Maigatari na ajiye motar a tsakar rana, kusa da ta Baba, na tafi neman lodi. Mata biyu suka hau baya suka zauna suna jirana, ɗaya da goyo. 'Yan taku kaɗan daga wurin wata dattijuwa na suyar ƙosai.

Wajen azahar ina dawowa na ji ihu. Man ya kumbura ya fito ta murfi, ya bi jikin mota ya sauka a rairayi, ya yi layi zuwa wajen murhun. Da idona na ga wutar ta biyo layin nan a guje ta nufo motata. Na daskare. Wallahi ko taku ɗaya ban iya yi ba. Baba ne ya fito daga inuwar motarsa inda yake alwala, yana cewa, "Kada wanda ya watsa ruwa! Ƙasa! Ku kawo ƙasa!" Ya fizgi buhun algarara ya danne bakin tankin da hannunsa, wuta na cin buhun tana cin hannun, bai saki ba. Da ɗaya hannun yake nuna wa matan su dira ta can gefe. Mutane suka yi ta watsa rairayi har ta mutu.

Kafin taro ya yi yawa ya dube ni, fuskarsa na zubar da gumi, ya ce a hankali, "Hamisu, cire giya ku tura ta can inuwa. Kada ka kunna." Na yi yadda ya ce. Da jama'a suka cika wurin, abin da suka tarar shi ne Malam Isyaku da ƙonannen hannu a tsaye kusa da tsohuwar motarsa, gefenta ya yi baƙi da hayaƙi. Kowa ya yanke hukuncinsa. Da shugaban tasha ya tambaye shi yadda aka yi, cewa kawai ya yi, "Allah ya tsare, a bar maganar." Bai yi ƙarya ba, bai kuma gyara musu zato ba.

Bayan kwana uku na je gidansa, hannun na naɗe, na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya girgiza kai.

"Matarka wata nawa ne cikinta?"

"Bakwai, Baba."

"To idan Alhaji ya ji, ya karɓe makulli, wa zai sake ba ka mota a garin nan? Ni motata tawa ce, babu mai korata. Bar ni da tabona. Abu ɗaya nake so a wurinka: idan ya yi ƙas, ka tsaya."

Na tsaya. Tun daga ranar ban sake jijjiga mota a gidan mai ba. Amma na kuma yi shiru, kuma shirun nan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata, wannan shi ne abin kunyata. Wata biyu bai yi tuƙi ba. Da ya dawo sai ya koyi riƙe sitiyari da yatsu uku. Ina zaune a benci ana tsokanarsa da maganar wutar, yana murmushi, ni ina kallon ƙasa. 'Yar da aka haifa mini ta girma, na sayi motata, dalilin shirun ya wuce tuntuni. Sau biyu na sake tayar da maganar, sau biyu ya kawar da ita da zancen farashin taya. Ni kuma na yi ta cewa sai wani lokaci, har lokacin ya ƙare.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na zo kan hannun nan na dama na riƙe shi, na zuba ruwa a kan tabon, sai kuka ya ƙwace mini, har limamin unguwa ya ce in yi haƙuri in bar wani ya ƙarasa. Ban bari ba. A wurin zaman makoki kuma na ji wani tsohon direba yana cewa, cikin tausayi ba da mugunta ba, "Allah sarki Isyaku, tun da motarsa ta ƙone shi bai sake wasa da mai ba." Murtala na gefe ya sunkuyar da kai. Nan na gane 'ya'yansa ma haka suka sani, sun tashi suna zaton sakacin mahaifinsu ne a hannunsa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, na miƙe a gaban direbobin tasharmu da 'ya'yansa na faɗi komai, tun daga ƙas na farko. Murtala ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya kama hannuna ya kai ni ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, Inna Hajara, wadda ke takaba. Na durƙusa a bakin labule na gaishe ta, na fara maimaita labarin ina neman gafara. Ta katse ni.

"Hamisu, na sani. Tun ranar ya gaya mini, ni nake wanke masa ciwon."

"Inna, shekara da shekaru kina ba ni abinci a gidan nan."

"To da wa zan ba? Ai ɗansa ne kai." Na ji tana share hanci. "Ya bar maka saƙo. Ya ce ya san wata rana za ka kawo maganar nan, in ba ya nan in ce maka ya yafe tun a Maigatari. Ya ce in ce maka ya yi ƙas, kada ka ƙara."

Na rubuta wannan ne don wanda bai halarci zaman ba ya sani, daga Gumel har iyaka: motar Malam Isyaku ba ta taɓa zubar da ɗigon mai ba. Tabon da ke hannunsa nawa ne, shi ya ɗauke mini.

Ya Allah, bawanka Isyaku ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka sanyaya shi. Hannun da ya sa a wutar duniya don ya tsare matan da bai sani ba da jaririn da ke goye, ya Allah kada ka bari wutar lahira ta taɓa shi. Ya rufa mini asiri, ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka ba Inna Hajara haƙuri da lafiya, ka raya Murtala da ƙannensa a kan halin mahaifinsu, ka zama gatansu. Mu da muka rage a kan hanya, ka kai mu gida lafiya, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.