Dokar da Ta Ci Yatsu Biyu

Shekara tara na yi ina kula da wani injin casar shinkafa a Gashuwa, iyalina kuwa suna Nguru. Ranar da na kama aiki na rubuta dokoki bakwai a jikin bango. Ta ɗaya: ba mai kunna inji ko kashe shi sai ni.

Wata Talata ina waje ina duba buhunan da aka sauke daga Jakusko, bel ɗin inji ya kama hannun rigar wani dattijo ɗan ƙabilar Bade, tsohon masunci, mai zuba shanshera a inji. Mutum biyar na tsaye kusa da makunni. Dukansu kirana suke ta yi, ba wanda ya miƙa hannu. Kafin in iso yatsu biyu sun tafi.

Na je Nguru hutun mako, na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in koma. Abinci ma a tsaye na ci.

Da dattijon ya warke ya dawo, na tara ma'aikatan. Da farko na goge doka ta ɗaya. Sannan na ce kowa ya faɗi abin da yake tsoro a wurin nan. Can dattijon ya ɗaga hannun da ya rasa yatsun.

"Oga, ai mun yi biyayya. Ga shaida."

Aka yi 'yar dariya, ban da ni. Daga nan bakuna suka buɗe. Dattijon ne ya kawo shawarar a ɗaura igiya a makunni, a ja ta tsawon inji yadda ake jan igiyar tarun kamun kifi, kowa ya iya fizga ya kashe inji daga inda yake. Aka ɗaura. Sati uku ba wanda ya taɓa ta, ni kuma kullum ina kewayawa ina kallonta.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na shiga da babbar riga, na sunkuya ina duba bel. Inji ya mutu. Na ɗago a fusace. Dattijon ne riƙe da igiya da yatsunsa uku.

"Oga, rigarka."

Faɗa ya riga ya zo bakina. Sauran duk sun tsaya cak suna kallona, na kuma san in na furta shi, ba mai sake taɓa igiyar nan har abada.

Na tuɓe rigar, na ninke ta, na ajiye a kan buhu. Na ce, "Baba, kunna mana."