Kai Babu Gangar Jiki

Wata Asabar ce ta bazara, shekarar da na gama firamare, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Poumpoumré da wani farin akwati mai gilashi a kan kurar da yake ɗaukar nama. Mahauci ne, bai cika magana ba, amma ran nan har aike ya yi wa maƙwabta: su zo bayan la'asar a kalli ƙwallo a tele ɗinsa. Ya gaji da tsayuwa a ƙofar gidan mutane yana leƙe ta kan kafaɗa.

Inna ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi. Ni aka ɗora kan katanga da dogon gora mai eriya a kai. Rana na dukan ƙeyata, daga ƙasa ana ta ce mini, "Juya wajen kogin Binuwai! A'a, wajen kasuwa!" Gilashin ya kawo ɗan haske, shi ke nan. A bayan akwatin babu ramin da wayar eriya za ta shiga, sai wata igiya mai kauri da ƙananan haƙora a bakinta. Baba ya naɗa wayar a haƙoran, ya ɗaure da zare, ya kwance, ya sake naɗawa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Can sai ga Malam Bello, maƙwabcinmu mai aikin ofis. Ya leƙa bayan akwatin, ya ce wannan ba tele ba ne, fuskar kwamfuta ce, ba ta nuna komai sai an jona ta da injinta. Hamadu dillalin shanu, abokin wasan Baba, ya ce, "Haba Garba, mahauci guda, ka sayo kai ka baro gangar jiki a kasuwa?" Aka yi dariya, kowa ya nemi takalminsa ya koma inda ya saba kallo. Baba bai bi su ba, ran nan ko daga baya. Ni ma ba wanda ya tuna ya ce in sauko. Inna ta lulluɓe akwatin da zane, ya zama wurin jera kwanuka.

Daga baya na zauna a Douala da Ndjamena da Kano da Jidda, na ji sunan abin nan da Faransanci da Larabci da Turanci. Yanzu jikata ce ke jona mini nawa: waya ɗaya, ƙas, hoto ya fito, ta yi ficewarta. Ɗaki tsit, daga ni sai gilashi.

Baba ya tara mutane hoto bai zo ba. Ni kuwa hoton ne kaɗai ya zo.