Ranar da Kawu Ya Zuba Jabel a Akwatin Kifina

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Ganou ina sayar da kayan gyaran kamiyo, wato manyan motocin kaya, a bakin tashar Gare, wata zazzafar sha'awa ta kama ni: kiwon kifin teku a akwatin gilashi. A Parakou fa, inda ko ƙamshin teku ba ya isowa. Hatta gishirin haɗa ruwan, wani abokina direba ke sayo mini daga Kwatano. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Wata rana ya kawo mini duwatsu masu ramuka daga teku, na jera su a ciki. Ba a daɗe ba sai wasu halittu suka fara fitowa: farare ƙanana kamar tsakin gero suna tsalle a jikin gilashi, wasu masu siffar tauraro da ba su kai farce ba, da wata jar tsutsa mai gashi. Ban san ko ɗaya ba. Na ɗauki hotunansu na tura wa wani zauren masu kiwon kifi a waya, na zauna jiran amsa.

Ana haka kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga Djougou ganin likita, ya sauka gidana. Ya daɗe tsaye gaban akwatin.

"Kai, waɗannan kuma mene ne?"

"Ni ma ban sani ba tukuna, Kawu. Ina kan tambaya."

"Ba ka san su ba, ka ajiye su inda 'ya'yanka ke kwana?"

Na yi murmushi, na ɗauka magana ta wuce. Ashe ya kira mahaifiyata ya shaida mata wai 'yan ruwa nake kiwo don kasuwa ta buɗe.

Washegari da azahar na dawo cin abinci, tun daga ƙofa warin jabel, ruwan nan mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, ya tare ni. Ruwan akwatin ya yi fari kamar an dama kunu. Kifayena duk sun juya ciki sama, har da wasu biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, waɗanda ke cin abinci a yatsana. Matata na tsaye bakin madafa, idonta ja. Ta yi ƙoƙarin hana Kawu zuba jabel ɗin, ya ce mata kada ta sa baki a sha'anin dangi.

Shi kuwa yana kan tabarma yana ɓare goro. "Na raba ka da su," in ji shi. "Nan gaba za ka gode mini."

Me zan ce wa kawu? Ina cikin kwashe gawarwakin da koko amsa ta shigo. Fararen nan dangin jatan lande ne, abincin kifi ne ma. Taurarin ba sa cutar da komai. Tsutsar kuma ragowar abinci take sharewa. Wanda ya amsa ɗin har da taya ni murna da Faransanci: "Félicitations, ruwanka lafiyayye ne."

Ƙarshen mako na hau mota zuwa Djougou in kai ƙara. Na nuna wa mahaifiyata amsar, na fassara mata kalma-kalma. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kifi ne fa, ba mutum ba. Shi kuma ya ce ka haɗe masa rai har ya baro gidanka. Tashi ka je ka ba shi haƙuri."

Na je. Na durƙusa na ba wanda ya kashe mini kifi haƙuri, shi kuma ya yafe mini, har da sa albarka.

Na sake haɗa wani akwatin daga baya, muna lafiya da Kawu, ina kai masa goro duk sallah. Amma abin bai bar cina ba. Ni da shi duka ba mu san halittun nan ba. Ni na tsaya tambaya, shi ya ɗauko jabel, kuma shi aka ba gaskiya. Har yau idan na sauka Djougou sai wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya saka wa kawunka, shi ya cece ka."

Sai in ce amin.