Ƙasar karbir ta ragu

Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma ba a yi mutumin da zai ɓoye mini lissafi a cikin gidana ba.

Ɗana mai gyaran jikin mota ne a Magariya, garajinsa na jingine da katangata. Kowace mota da abin da take ci. Tana cin karbir, dutsen da ake jiƙawa ya ba da iskar walda, tana kuma cin masti, ƙullun da ake cike lotsawa da shi kafin fenti. Sharar duka biyun ni ke kwashewa: farar ƙasar karbir in shafe bango da ita, gwangwanayen masti in wanke in zuba iri. Shekaru ina gani, in motoci sun yi yawa, su biyun tare suke yawa.

Sai kakar gyaɗar nan da motoci suka cika layi har bakin rijiya. Gwangwanaye suka taru har na rasa wurin ajiya. Ƙasar karbir kuwa, sati guda ba ta cika ƙwarya ba.

Na sami ɗan nawa a kan wata farar mota mai ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Mallawa. Ƙarfen da ke riƙe da rufinta ya tsage, yana ɗura masa masti da yatsa.

"Kai, ina waldar?"

"Inna, karbir ya yi tsada. In na ƙona shi a kowace mota, me za mu ci?"

"Ƙullu zai riƙe buhu?"

"Yaushe kika zama toliye mai gyaran mota, Inna?" Ya yi dariya, amma bai dube ni ba.

Ranar kasuwa na yi sammako na tafi tasha, da niyyar in gaya wa direban farar motar. Na tarar an jibga buhunan gyaɗa a kan rufin, mata sun cika ciki, wata na shayar da jinjiri daidai gindin ƙarfen. Fenti sai ƙyalli yake.

Direban ya durƙusa ya gaishe ni. "Hajiya, ɗanki gwani ne. Duk mu direbobi, har na garin Dungas, wurinsa za mu riƙa kawowa."

Ni da ban taɓa jin nauyin baki gaban kowa ba, na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Yaran mota suka ƙara buhu biyu, suka ja igiya.