Ba-Tsayawa Ya Shiga Laburare

Ranar da Baba ya ajiye tuƙin tirela, Inna ta yi murna ta samu mai taya ta hira. Murnar ba ta je ko'ina ba. Mutumin da direbobi ke kira Ba-Tsayawa, saboda in ya ɗauki kaya ba ya kashe inji sai ya sauke su, ta ina zai iya zaman tsakar gida? Ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau, ya kwance rediyon Inna ya kasa ɗaurawa, daga ƙarshe ya je ya shiga ajin manya a makarantar da ke bayan tasha. Ni ce autarsa, ina kwaleji, don haka duk aikin da aka ba shi a kaina yake ƙarewa.

Wata rana ya faɗo gida yana haki, hula a karkace. "Auta, tashi! An ce kowa ya binciko abu ɗaya ya tsaya gaban aji ya faɗa, da hujja. Ni nawa a hannu yake: yadda direba zai kori barci a kan hanya. Ai gonata ce!"

Gonarsa ce kuwa. Tun muna yara muka haddace karatun: in gyangyaɗi ya zo, sauke gilashi iska ta mare ka, ƙure rediyo, ka taka mota. Haka ya koya wa Yaya, babban wanmu da ya gaji sitiyarin, wanda matarsa da jaririnsu ke zaman jiransa duk tafiya.

Da yake malamarsu ta ce "ni na sani" ba hujja ba ce, dole na raka shi laburaren unguwarmu. Ya rangaɗa sallama da muryar tasha, kowa ya ɗago kai. Ma'aikaciyar wurin, wadda mu ɗalibai muke kira Anti A-yi-shiru, ta zaunar da shi gaban kwamfuta. Da yatsa ɗaya ya fara rubutawa: "Barka da rana, don Allah ina da tambaya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Anti ta danne dariya. "Baba, wannan ba ta amsa gaisuwa. Ba ta kan maganar kawai: direba, barci, taga."

Shafuka suka zubo. To Baba yana da doka tun zamanin hanya: ba ya bin kwatancen mutum ɗaya, sai uku sun nuna masa gefe guda. Ya buɗe shafi uku, duk suka ce a sauke gilashi a kunna rediyo. Ya daki tebur. "Kin gani ko, Auta! Shaidu uku!"

"Wa ya rubuta na farkon?" in ji Anti.

Muka duba, babu suna.

"Yaushe aka rubuta? A ina ya samo?"

Babu ko ɗaya. Ta jera shafukan gefe da gefe ta ce ya karanta. Maganar iri ɗaya ce sak, har hoton direban da ke hamma bai canza ba. Na zaci Baba zai fusata. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi.

"Na gano! Fasinja uku ne, amma duk bakin ɗan kamasho ɗaya suka ji!"

Daga ranar laburare ya shiga jininsa. Kafin Anti ta zo da makulli yana bakin ƙofa. Ya koyi sauka ƙarshen rubutu ya ga inda marubucin ya ɗebo zancensa, ya bi sawun baya kamar mai bin sawun taya. Ya koyi kwafo lambar littafi ya je kanta ya zaro shi da kansa, sannan ya leƙa maƙwabtansa na dama da hagu, wai su ma ba sa rasa abin faɗa. A gida kuwa mun shiga uku. Ko cewa ka yi za a yi ruwa, sai ya ce, "In ji wa? Yaushe ya faɗa?" Inna ta ce a da hanya ce ta ƙwace mata miji, yanzu kuma kantar littattafai.

Wata azahar ina gefensa Anti ta buɗe masa rumbun mujallun bincike. A nan ya ci karo da rahoton wasu masana da suka sa direbobi masu jin barci a motar gwaji, suka hura musu iska mai sanyi, suka kunna rediyo, suka auna. Ga sunayensu, ga shekara, ga yadda suka yi. Dabarar ba ta daɗewa, barcin na dawowa, direban kuma yana ganin ya wartsake. Abin da ya fi shi ne a tsaya a ɗan runtsa. Baba ya nemo rahoto na biyu, ya nemo na uku, ya tabbatar kowa da nasa gwajin, ba kwafar juna suka yi ba.

Ya jingina da kujera. "Auta, ashe ba dabarata ce ke dawo da ni gida ba. Allah ne kawai ya rufa asiri." Sai ya zabura. "Yayanki yana ina?"

Yaya tun jiya yake hanya, da safe ma ya kira Inna yana alfahari bai runtsa ba, kafin magariba zai iso.

Baba ya zaro waya a nan, ƙarƙashin allon da ya hana waya. Yaya ya amsa, Baba ya buɗe lasifika, ƙarar iska da waƙa sun cika layin.

"Nemi gefe ka tsaya."

"Baba, garau nake. Na sauke gilashi, kamar yadda ka..."

"Ɗage shi! Ni na koya maka, ni kuma nake warwarewa. Ka faka ka kwanta."

"Haba Baba, in ji wa?"

"In ji mutum uku, kuma ba bakin ɗan kamasho ɗaya suka ji ba. Ɗanka na jiranka, ɗan nan. Tsaya."

Duk ɗakin karatun ya zuba mana ido, Anti A-yi-shiru ma ta ƙyale shi. Waƙar ta ɗauke. Muka ji hucin birki, sannan ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Baba bai kashe wayar ba sai da ya ji injin ya mutu.